Rasuwar Kwamfutar da Ta Shekara Takwas a Watan Maris

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙarƙashinsa mai kama da kunya, Mai Agogo, wanda shagonsa ke ƙasan benen da ke kallon tashar mota, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan ciniki rasuwar kwamfutar gidansa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta na falo, tsakanin taga da kabad ɗin kwanuka, bayan doguwar jinya wadda ba kowa ya san da ita ba. Shekararta takwas a gidan, a lissafin duniya. A nata lissafin kuwa ba ta cika wata ɗaya ba, kuma bayanin wannan saɓani shi ne rabin dalilin rubuta wannan takarda.

Ɗaya rabin shi ne mai ɗakinsa, Malama, wadda ke koyar da 'yan aji huɗu. Kwana tara ana cewa ita ta kashe marigayiya da filash, ɗan abin nan na ɗaukar fayiloli, da ta ɗauko daga makaranta. An faɗa a kan matakala, an faɗa a kemis, an faɗa a shagon tela. Mai Agogo ya ji da kunnensa, ya yi shiru. Yana roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshe, domin a sauke wa baiwar Allah kayan da ba nata ba.

Marigayiya ta zo gidan fara sol, ta bar shi da launin haƙorin tsoho. Mai haƙuri ce. An sha ɗauke mata wuta tana tsakiyar aiki, ba sallama, kuma in wuta ta dawo sai ta tashi ta kama abin da take yi, ba ta taɓa tayar da zancen ba. In an taɓa ta da safe takan ce ƙit, sau ɗaya, sannan fankarta ta ja numfashi, wuuu, kamar wadda ta hau bene da tulu a ka. In aka ba ta aiki mai nauyi sai a ji cikinta yana ƙurr-ƙurr, alamar tana tunani, kuma duk wanda ya zauna da ita ya san ba a katse ta. Ba ta da sauri, amma ba ta mantuwa. Ita ta rubuta wa Malama tambayoyin jarrabawa zango bayan zango, ita kuma ta riƙe wa Mai Agogo littafinsa.

Littafin nan yana buƙatar ɗan bayani. Mai Agogo bai yi nisa a makaranta ba. Gyaran agogo ya koya a gaban yayansa, karatu kuwa ya ƙarasa shi da kansa, daga duk takardar da ta faɗo hannunsa, har wadda aka naɗo masa kaya a ciki. Mutum ne da tambaya ke hana shi sakewa. Alal misali, in mutum ya sa agogonsa gaba da minti biyar da gangan don kada ya makara, ya kawo shi a sauya masa igiya, mai gyara ya ga kuskure ya daidaita, shin gyara ya yi ko ɓarna? Irin waɗannan ya tara, duk a kan gaskiya da ƙarya, yana rubutawa bayan ya rufe shago, da yatsa biyu. Marigayiya ta rasu da wannan littafi a cikinta. A taƙaice, da juna biyu ta tafi.

Ta bar firinta, abokiyar zamanta, wadda tsufa ya sa take tauna takarda kafin ta miƙo ta. Ta bar maus, na uku a gidan, domin biyu sun riga ta. Ta bar kibod, wanda harafin "a" ya goge a jikinsa tun shekarar fari, da yake ba a rubuta layin Hausa ba tare da an taka shi sau goma ba. Ta bar sifika biyu, ɗaya bebe ne tun yana sabo. Akwai kuma filash ɗin Malama, wanda ya kwana tara a tsare cikin gwangwanin ƙusoshi, aka sake shi ba tare da an ba shi haƙuri ba.

Game da ciwon da ya zama ajalinta, dole a koma ranar da ta shigo. Wanda ya sayar da ita ya sa mata antibairos, abin da mutanen gidan suka riƙa kira mai gadi, domin aikinsa ke nan: ya tsaya a bakin ƙofa ya duba fuskar duk abin da zai shiga. Mai gadin nan na gwaji ne, kwana talatin kyauta, daga nan sai a biya ko ya naɗe tabarmarsa. Kuma kowane 'yan kwanaki yakan leƙa gidansu ta intanet a nuna masa hotunan sababbin ɓarayi. Wannan shi ne sabuntawa, ko afdet a bakin masu abin.

Ranar ashirin da tara ga Maris mai gadi ya ce saura kwana biyu. Mai Agogo ya zauna ya zuba wa saƙon ido. Wani zai ga kuɗi ake nema. Shi tambaya ya gani. An ce kwana talatin, amma ba a ce waɗanne kwanaki talatin ba. Kuma ta ina mai gadi ya san kwana ya wuce? Ba ya ganin rana, ba ya jin carar zakara. Agogon kwamfuta yake tambaya. Agogo kuwa, duk unguwar ba wanda ya kai Mai Agogo sanin cewa abin da aka faɗa masa shi yake maimaitawa. Sai ya buɗe wurin kwanan wata, ya mayar da ita ɗaya ga Maris. Mai gadi ya ce saura kwana talatin, ya gyara tsayuwa.

A ransa gwaji ne na ilimi, sau ɗaya. Ya yi shi kusan sau ɗari. Duk ranar da marigayiya ta kai ashirin da tara ga wata, sai ya kama hannunta ya mayar da ita baya, kamar mai juya makaho a tsakar gida. Damina ta zo ta wuce sau takwas, 'yarsu ta yi aure ta haihu, gemunsa ya yi fari, ita tana nan a watan Maris. Har babi guda ya ware a littafin: shin wanda ya faɗa wa na'ura abin da ba haka ba ya yi ƙarya, alhali na'ura ba ta da zuciyar da za a yaudara? Ya rubuta babin, ya sake rubutawa, ya kuma sakewa.

Alamar ciwo ta farko ƙarama ce. Wata rana layin sabuntawa ya tafi, ya tafi, ya kai kashi tamanin da bakwai cikin ɗari, ya tsaya. Marigayiya ta ce tuɗum. Washegari ya wuce lafiya. Bayan wata biyu ya sake tsayawa. Haka abin ya riƙa zuwa jefi-jefi kamar ciwon haƙori, yau akwai, gobe babu, har mutum ya ce ya warke. Ashe a can gidansu mai gadi wani lokaci sukan tambaye shi yau nawa ga wata kafin su buɗe masa. In ya faɗi nasa, sai su ga ya zo daga shekarun baya, su rufe ƙofa. Tun suna tambaya sa'i-sa'i, har suka koma tambaya kullum.

Mai Agogo bai yi sakaci da jinya ba, wannan kam a shaide shi. Ya kashe ta ya kunna, ya fi a ƙirga. Ya zare wayar intanet ya hura mata iska ya mayar. Ya ɗora akwatin intanet ɗin a saman kabad, ya sauko da shi, ya kai shi bakin taga. Ya buɗe bayan marigayiya ya share ƙura da burushin da yake share cikin agogo. Da aka ce wataƙila cikinta ne ya cika, ya goge tsofaffin tambayoyin jarrabawar Malama na shekara uku, bai taɓa nasa ko layi ɗaya ba. Ya kira masu intanet ya yi musu wa'azi a kan riƙon amana, har wadda ta ɗauki wayar ta ba shi haƙuri sau huɗu. An bar jaki ana dukan taiki. Domin duk ranar da ta ce tuɗum, a ƙasan saƙon akwai ɗan rubutu da ke cewa a duba kwanan wata da lokaci. Yakan karanta saman, in ya zo wajen sai idonsa ya yi sauri, kamar mai wucewa ta ƙofar wanda suka yi faɗa.

Ba wai bai gane ba. Ya gane sarai, kuma abin ya ci masa rai. In ya faɗa wa mai gadi gaskiyar ranar, za a buɗe masa ya ga sababbin ɓarayi, amma a take zai san wa'adinsa ya ƙare tun tuni, ya ajiye aiki. In ya ci gaba da ɓoye masa, zai tsaya a bakin ƙofa har abada, amma ɓarayin da ya sani duk sun tsufa sun tuba. Wanne ya fi, mai gadin da ya san kowa amma ya tafi, ko wanda yake nan bai san kowa ba? Akwai amsa ta uku, wato a biya mutane haƙƙinsu, amma wannan ba ta da daɗin tunani, sai bai sa ta a babin ba.

Sau ɗaya Malama ta tambaye shi me ya sa takardun jarrabawarta kullum suke fitowa da watan Maris a sama. Ya ce halin na'ura ne. Ta ɗauki biro ta gyara, ta ci gaba da gyarawa shekara da shekaru. A gidan mai gyaran agogo wa zai yi zargin lokaci?

Ranar Litinin ta dawo da filash daga kwamfutar ofishin hedimasta, wadda kowa ke tsoma nasa a ciki kamar rijiyar bakin hanya. Ta sa shi. Mai gadi ya dube shi sama da ƙasa, bai ga fuskar da ya sani ba, ya nuna koren alama, ya ce lafiya lau. Talata da safe tagogi suka fara buɗe kansu a fuskar kwamfutar, goma, ashirin, maus yana tafiya ba hannun kowa a kansa. Fanka ta yi kukan da ba a taɓa ji ba. Fuskar marigayiya ta koma shuɗiya. Ta ce ɗiiiit, doguwa, ba irin ƙit ɗinta na safe ba. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Malama ta dafe ƙirji ta ce ita ce, filash ɗinta ne, ta kashe masa aikin shekara takwas. A nan ne ya kamata Mai Agogo ya buɗe baki. Ya buɗe kuwa. Abin da ya fito shi ne: "Ba komai, Malama. Ƙaddara ce. Na yafe miki."

Ya juya wannan magana a ransa fiye da duk tambayoyin littafinsa. Ba ƙarya a cikinta, kalma bayan kalma. Ƙaddara ce, haka ne. Amma ya ɗauki gaskiya ya yi murfi da ita. Kuma ya yafe wa mutum laifin da shi ya aikata, ya karɓi godiya a kai. A duk abin da ya karanta bai ga sunan wannan zunubi ba, ga alama ba a samu wanda ya yi shi ba kafin shi.

Kwana tara ya ci ribar abin. Malama ta riƙa kawo masa shayi da hannu biyu. Rimot ɗin talabijin ma ta daina taɓawa, wai hannunta ba shi da sa'a da na'ura. Matar tela ta sa mata suna Malama Mai Filash, sunan ya bi matakala ya sauka har titi. Mai kemis ya ce mata cikin raha kada ta matso kusa da firijinsa. Shi kuwa Mai Agogo sai yabo yake sha, ana cewa samun mai haƙurinsa sai an tona, wani ne da tuni gidan ya kama da wuta. Yakan sunkuyar da kai, mutane su ɗauka tawali'u ne.

A rana ta tara Malama ta matsa a kai gawar wurin Injiniya, dattijon nan mai gyaran kwamfuta a tsallaken titi, wanda ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare, ko za a iya ceto abin da ke cikin. Ta ce da ita za a je, tunda ita ta ja. Injiniya ya kwance ƙusoshi, ya ciro ma'adanar da ke riƙe fayilolin, ya haɗa ta da tasa na'urar. Ya ce ita marigayiya sai haƙuri, cutar ta gama da ita kuma tsufa ya taya, amma littafi yana da rai. Malama ta yi hamdala har da ƙwalla. Sai Injiniya ya shiga gangarawa da jerin fayiloli. Ya gangara, ya hau, ya sake gangarawa. Ya sauke tabarau.

"Mai Agogo, wannan baiwar Allah ba ta taɓa ganin Afrilu ba?"

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Amma Injiniya mutum ne mai rufa asiri, kuma sun shekara ashirin suna gaisawa ta tsallaken titi. Ya dubi Mai Agogo, ya dubi Malama, ya mayar da tabaransa, ya ce akwai wani ɗan batiri a ciki mai kamar maɓallin riga, shi ke riƙe wa kwamfuta lokaci, in ya mutu takan rikice, wataƙila shi ne. Dukansu biyu sun san ba shi ba ne. Batirin da ya mutu ba ya ƙirga ashirin da tara ya koma ɗaya sau ɗari ba kuskure. Ƙofa ce dattijon ya buɗe masa, kuma Mai Agogo ya riga ya ɗaga ƙafa zai bi ta ciki, sai ya ji Malama ta ce a hankali, ko da batiri ne, ai dai ita ta kawo cutar har gida.

"Batirin lafiyarsa ƙalau," in ji Mai Agogo. "Ni nake sayar da irinsa, ni na sauya mata bara. Ni ne nake mayar da ita baya."

Ya faɗi sauran yana kallon ƙusoshin da ke kan tebur. Injiniya ya tuna yana da aiki a bayan shago. Malama ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, sannan ta yi tambaya ɗaya, irin ta malaman aji: da mai gadin yana samun sabuntawarsa, da ya kama abin da ke cikin filash ɗin? Daga bayan shago Injiniya ya ce da ya kama, cutar ba sabuwa ba ce, kowa ya san ta tun bara waccan. Ta ɗauki jakarta ta tsallaka titi ita kaɗai. Shi kuma ya kinkimo gawar ya mayar da ita falo.

Littafin ya zo duniya, amma ba shi kaɗai ba. Kwafi sittin da uku ne, domin Mai Agogo yakan ajiye sabo duk lokacin da ya yi gyara, da sunaye irin su na ƙarshe, na ƙarshen gaske, wannan ne. Mai kwamfutar kirki yakan duba kwanan wata ya san wanne ya biyo bayan wanne. Nasa duk Maris ne. A wasu kwafin ya yanke cewa faɗa wa na'ura abin da ba haka ba ƙarya ce. A wasu ya yanke cewa ba ƙarya ba ce. Bai san wanne ya rubuta daga baya ba, saboda haka a yau shi kansa bai san ra'ayinsa ba. Game da marigayiya yana jin ba ta riƙe shi ba. Game da masu mai gadi, ya san akwai magana tsakaninsa da su. Game da Malama kuwa ba wata tambaya, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya nemi tambaya ya rasa.

Kwana biyu suka wuce. Shayi ya koma zuwa da hannu ɗaya, daga baya ya daina zuwa. A rana ta uku ya same ta tana duba littattafan ɗalibai, ya tsaya, ya fara da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shi ne bangon. Ta ce ya ajiye karin magana, ba ta hanyarsa aka ɓata mata suna ba.

"Kwamfutar ba ta dame ni ba, Malam. Yafewar da ka yi mini ce ta tsaya mini a wuya. Duk kunnen da ya ji an ce ni ce, shi zai ji an ce kai ne. A rubuce, yadda kake son abu."

Saboda haka ga yadda aka tsara. Za a fitar da marigayiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga falo zuwa shagon Injiniya. Mai Agogo ne zai ɗauke ta a ka, shi kaɗai, ta matakalar gaba, kuma ba ya neman taimako. Injiniya zai cire abin da ke da sauran amfani a raba wa mabuƙata, ragowar a miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Firinta ba za ta halarta ba saboda yanayin jikinta.

Za a karɓi gaisuwa a gida bayan an dawo, har zuwa la'asar. Ana roƙon masu zuwa, musamman matar tela da mai kemis, su fara da wurin Malama, kuma abin da za su kai mata ba ta'aziyya ba ce, sun san ko mene ne. Sunan nan da aka sa mata a haɗa shi da gawar. Wanda ya yabi haƙurin Mai Agogo a kwanakin nan yana iya zuwa ya karɓi yabonsa, yana nan yadda aka kawo shi.

An manna wannan takarda a ƙofar shago, da gindin matakala, da bangon kemis, da ɗakin malamai na makaranta. Da hannu aka rubuta ta, kwafi huɗu, tunda kwamfutar da ke bugawa ta riga mu gidan gaskiya. Malama ta duba ta da jan biro, ta gyara kuskure uku, ta ce ta wadatar. Mai Agogo ya sa hannu a ƙasa. Da ya zo zai rubuta kwanan wata sai ta karɓe biron, ta ce wannan layin ita za ta riƙa cikewa tukuna.